Kairon Amurka: yadda gari mai mutum 15,203 ya koma 1,733

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na ga hotunan wani gari a Amurka mai suna Kairo, irin sunan da Turawa ke kiran Alƙahira da shi. Titunansa masu faɗi ne amma ba kowa, gine-gine sun zube, ciyawa ta cinye filaye, kuma aka ce da can babban gari ne. Shin gaskiya ne? Me ya haɗa shi da Masar, kuma me ya kori mutanensa? Wani abokina ya ce ambaliya ce, wani kuma ya ce rikicin baƙaƙe da fararen fata ne. Ko akwai alamar zai farfaɗo?"

Malam, ina gaisuwa, kuma na gode da tambayar. Kana son sanin ko garin ya taɓa girma da gaske, da abin da ya kwashe mutanensa, da kuma ko da sauran fata. Hotunan da ka gani gaskiya ne. Abokanka biyu kuwa, na farko ya fi nisa da gaskiya fiye da yadda yake zato, na biyu ya kama wani abu mai nauyi amma ya fara labarin daga tsakiya. Aikina koyar da labarin ƙasa ne da nazarin yawan jama'a, kuma alƙaluman wannan gari suna cikin waɗanda nake ɗora wa ɗalibai kusan kowace shekara, don haka zan bi da kai ta hanyar da nake bi da su.

Wurin da sunansa

Kairo tana can ƙarshen kudancin jihar Ilinoi, a kan wani siririn harshen ƙasa inda kogin Ohayo ya zuba cikin kogin Misisipi. Wanda ya san Lakwaja, inda Neja da Binuwai suka haɗu, ya riga ya ga kamannin wurin, sai dai Lakwaja tana da dutse da tudu, Kairo kuwa kwari ce, kuma a yankinta ne ƙasa ta fi kwantawa a duk faɗin jihar. Idan mutum ya tsaya a bakin tsinin yana fuskantar kudu, jihar Kentaki tana hagunsa a hayin Ohayo, jihar Mizuri tana damansa a hayin Misisipi, a gabansa kuma ruwa biyu ne masu launi daban, ɗaya ya fi tsabta, ɗaya jawur da laka, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A rubuce sunan Cairo ne, amma mutanen garin "Kero" suke cewa, kuma da jin baƙo ya faɗi sunan irin na Masar sun san ba ɗan gari ba ne. Waɗanda suka raɗa sunan sun kwatanta wurin ne da bakin kogin Nilu, kuma har yau ana kiran kudancin Ilinoi da laƙabin Ƙaramar Masar, inda za ka tarar da wasu ƙananan garuruwa masu suna Thebes da Karnak. Iyakar dangantakar ke nan, suna ne kawai.

Tun farko masu neman kuɗi ne suka hango wurin, domin duk kayan da ke saukowa daga gabas ta Ohayo ko daga arewa ta Misisipi dole ya bi ta gabansa. A 1818 wani ɗan kasuwa daga Baltimore, John Comegys, ya karɓi takardar izinin kafa gari da banki a wurin, amma ya rasu ba a gina komai ba. A 1837 Darius Holbrook ya sake gwadawa da kuɗin masu zuba jari daga Landan, aka fara ganuwar ƙasa don tare ruwa, aka kawo ma'aikata, sai kamfanin da ke tara masa kuɗi a Landan ya karye a 1840, mutane suka watse. Karo na uku ne ya kama, kuma abin da ya kamar da shi layin dogo ne. A tsakiyar shekarun 1850 kamfanin Illinois Central ya kawo dogo har bakin ruwa, ya haɗa Kairo da Shikago, tafiyar kusan kilomita 600. Ƙidayar 1860 ta sami mutum 2,188.

Shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, kuma wurin ya zama abin da sojojin Arewa ba za su yarda ya kuɓuce musu ba. Ilinoi jiha ce da ba a bauta, amma Kentaki da Mizuri, da ke hayin kogunan, jihohi ne masu bayi. Janar Ulysses Grant, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya kafa hedikwatarsa a Kairo a watan Satumba na 1861, kuma daga nan ya tasam ma sansanonin Kudu da ke kan kogunan Tenesi da Kambalan a farkon 1862. Dubban bayi da suka tsere ko aka 'yanta sun kwararo garin a shekarun yaƙin, gwamnati ta yi musu sansani, da yawa suka wuce arewa, da yawa kuma suka zauna. A nan ne asalin babbar al'ummar baƙaƙen fata ta Kairo. Zuwa 1870 jama'a sun kai 6,267, wato sun kusa ninkawa uku cikin shekara goma.

Abin da alƙaluman ke cewa

Amurka tana ƙirga jama'arta duk bayan shekara goma tun daga 1790, domin tsarin mulkinta ya wajabta haka, saboda haka muna da jeri marar yankewa. A 1880 Kairo tana da mutum 9,011, a 1900 tana da 12,566, a 1920 ta kai ƙololuwarta da 15,203. Ta ɗan sauka zuwa 13,532 a 1930, ta ɗan hau zuwa 14,407 a 1940, daga nan kuma ba ta sake hawa ba: 12,123 a 1950, sai 9,348 a 1960, sai 6,277 a 1970, sai 5,931 a 1980, sai 4,846 a 1990, sai 3,632 a 2000, sai 2,831 a 2010, sai 1,733 a 2020. Cikin shekara ɗari, kusan tara daga cikin kowane mutum goma sun ɓace daga lissafi.

Abin da nake yi a aji shi ne in rubuta wannan jeri a allo ba tare da sunan gari ko ƙasa ba, in ce wa ɗalibai su nuna mini shekarar da bala'in ya auku. Kullum sai su yi ta laluben wuri guda da alƙaluman suka faɗi warwas, irin yadda ake gani idan annoba ko yaƙi ko girgizar ƙasa ta afka wa gari, kuma kullum sai su rasa. Abin da ke allon zurarewa ce ta shekara tamanin, kamar randa mai tsaguwa a gindi. Duk bayanin da ya ɗora laifin a kan rana ɗaya ko shekara ɗaya ya saɓa da wannan jeri tun kafin a shiga bayaninsa.

Batun ambaliya

Abokinka na farko yana da uzuri, domin duk wanda ya ga taswirar garin ambaliya zai fara kawowa a ransa. Kairo tana zaune ne kamar cikin ƙwarya, ganuwa ta kewaye ta ta kowane gefe, kuma a mashigarta ta arewa hanya tana ratsa ƙarƙashin tudun dogo, inda aka rataye wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe tun 1914 don a sauke ta a toshe garin idan ruwa ya zo. Amma ganuwar ta yi aikinta a manyan ambaliyoyin da aka yi. A 1937, lokacin da Ohayo ya shanye garuruwa irin su Paducah da Louisville, ruwa ya kai ƙafa 59 da rabi a ma'aunin Kairo, garin bai nutse ba. A 2011 ya haura ƙafa 61, aka umarci mutane su fice, kuma a daren 2 ga Mayu injiniyoyin sojan Amurka suka fasa ganuwar Birds Point da ke hayin Mizuri da nakiya, ruwa ya malala cikin gonaki kimanin eka 130,000, ya sassauta wa Kairo. Jihar Mizuri ta kai ƙara don hana fasawar, kotuna suka ƙi.

Illar ruwa a Kairo ta wata fuska take. Garin ba shi da inda zai faɗaɗa, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa idan koguna suka cika sai an yi ta zuƙe shi da injuna, kula da ganuwa da injunan kuɗi ne, kuma mai son kafa masana'anta yakan gwammace tudu. Wannan nauyi ne da garin ya ɗauka tun ranar da aka kafa shi, ya kuma girma da shi har zuwa mutum dubu goma sha biyar. Abin da ya kasance tare da gari lokacin hawansa ba zai isa shi kaɗai ya bayyana saukarsa ba.

Gadoji

A nan ne, a ganina, gindin maganar yake. Arzikin Kairo bai taɓa zama na abin da take nomawa ko haƙowa ba. Zango ce, kuma zango yana rayuwa ne da tsayuwar matafiya. Jirgin ruwa mai tururi yana buƙatar tsayawa ya ɗauki gawayi da abinci da ma'aikata. Jirgin ƙasa idan ya iso bakin Ohayo dole ya tsaya, a kwance taragunsa, a ɗora su kan jiragen fito, a haye da su Kentaki ko Mizuri. Kowace tsayawa tana ciyar da 'yan dako, da ma'aikatan fito, da masu masauki, da masu gidan abinci, da dillalan hatsi da katako da auduga, da akawun banki. Daga wannan ne aka gina gidan kwastan na dutse da aka kammala a 1872, da ɗakin karatu na Safford na 1884, da manyan gidajen attajirai irin su Magnolia Manor, waɗanda har yau suna tsaye a tsakiyar kufai.

Sai aka fara gina gadoji. A 1889 Illinois Central ta ɗora gadar dogo a kan Ohayo a arewacin garin. A 1905 aka buɗe wata gadar dogo a kan Misisipi a Thebes, wadda ta janye sauran taragun da ke bi ta fito. A 1929 aka buɗe gadar mota zuwa Mizuri, a 1937 aka buɗe ta Kentaki, kuma dukansu biyu sun sauka ne a can tsinin kudu, ta yadda mai tafiya daga Kentaki zuwa Mizuri zai taɓa ƙasar Ilinoi na 'yan mintuna kaɗan ya wuce ba tare da ya ga kasuwar garin ba. A kan ruwa kuma jiragen tururi suka ba da wuri ga jiragen dizal masu tura jerin kwale-kwalen kaya, waɗanda kan yi tafiya mai nisa ba su nemi tsayawa ba. A 1978 babbar hanyar tarayya mai lamba 57 ta haye Misisipi a kan sabuwar gada a arewa da garin, ta ɗauke ragowar matafiyan mota. Har gobe kaya masu ɗimbin yawa suna bi ta gaban Kairo dare da rana, illa dai ba sa tsayawa. Ɗalibaina sukan gane wannan nan take idan na tuna musu Baro, wadda ta yi tashe lokacin da ake sauke kaya daga jirgin ruwa a ɗora a dogon Kano, sannan ta yi sanyi bayan an gama gadar Jebba dogo ya miƙe daga Legas.

Akwai abin lura guda: gadar 1889 ba ta kashe garin nan take ba, ya ma ci gaba da girma shekara talatin bayanta, domin akwai masana'antun katako da na man auduga da ayyukan reluwe da suka riƙe shi. Haka sauyin hanya yakan yi, sakamakonsa yana jinkiri har sai 'ya'yan waɗanda suka rasa sana'a sun girma sun ga babu abin da za su gada.

Wariyar launin fata

Abokinka na biyu ya taɓo ciwon da mutanen Kairo da kansu suka fi magana a kai. Ko da yake garin yana jihar Arewa, zamansa irin na Kudu ne, yana ma kudu da Richmond, hedikwatar 'yan awaren Kudu a lokacin yaƙi. Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi biyu cikin biyar na jama'a tun farkon ƙarni na 20, amma an tsare su a aikin ƙarfi, an raba makarantu da unguwanni da wuraren shaƙatawa. A ranar 11 ga Nuwamba 1909 taron dubban mutane ya kashe wani baƙar fata mai suna William James a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba, bisa zargin kisan wata mata, kuma a daren suka fito da wani farar fata, Henry Salzner, daga kurkuku suka rataye shi. A 1962 matasa masu fafutukar 'yanci suka yi zanga-zanga a wurin ninƙaya na garin da aka hana baƙaƙe shiga, kuma ba a daɗe ba aka gwammace rufe shi da a bari kowa ya shiga. A watan Yuli na 1967 aka tarar da gawar wani soja baƙar fata ɗan shekara 19, Robert Hunt, a rataye a ofishin 'yan sanda. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, baƙaƙen garin suka ƙi yarda, tarzoma ta tashi har aka kawo dakarun jiha. Fararen fata suka kafa ƙungiyar sintiri da ake kira Masu Farar Hula, baƙaƙe kuma suka haɗu a 1969 ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna United Front, bisa jagorancin wani limamin coci, Charles Koen, suka ƙaurace wa kantunan da suka ƙi ɗaukarsu aiki. Ƙauracewar ta ɗauki shekaru, aka yi ta harbe-harbe da ƙone-ƙone, kuma masu kantuna da yawa suka zaɓi su rufe su bar garin maimakon su ɗauki baƙaƙen fata aiki.

A nan zan faɗi kuskuren da ni kaina na yi a shekarun farko na koyar da wannan darasi. Nakan ce rikicin 1967 zuwa farkon shekarun 1970 ne ya wofintar da garin, har ranar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta nuna mini allon da ni na rubuta. Tsakanin 1950 da 1960, kafin tarzoma, garin ya rasa mutum 2,775. Tsakanin 1960 da 1970 ya rasa 3,071, alhali ƙauracewar ba ta fi shekara guda da farawa ba lokacin da aka yi ƙidayar. Tsakanin 1970 da 1980 kuwa, shekarun da kantuna suka fi rufewa, mutum 346 kacal ya rasa, mafi ƙarancin asara tun 1940. Tun daga ranar na sauya yadda nake faɗar abin. Mutane sun riga sun fara tafiya, baƙaƙe da farare, saboda aiki ya ƙare, wannan kuma zamani ne da baƙaƙen Amurka ke ƙaura zuwa Shikago da Detroit da sauran biranen masana'antu. Abin da wariya ta yi shi ne ta cinye ƙarfin da garin zai yi amfani da shi ya nemi sabuwar sana'a. Shekarun da ya kamata a haɗa kai a jawo masana'anta an ƙarar da su wajen hana rabin jama'a aikin kanti da na ɗan sanda, masu jari suka kwashe kuɗinsu, iyaye farare suka janye 'ya'yansu daga makarantun gwamnati, sunan garin kuma ya ɓaci a idon duk mai son zuwa. Garuruwan kogi da yawa sun rasa fito da jiragen tururi, amma kaɗan ne suka faɗi irin faɗuwar Kairo, kuma a nan nake ganin bambancin yake. Sai dai wannan hukunci ne nawa na mai nazari. Ƙidaya tana faɗin mutum nawa suka kwana a gari a ranar da aka ƙirga, ba ta tambayar wanda ya tafi dalilin tafiyarsa, don haka duk wanda ya ce maka kashi kaza na gadoji ne, kashi kaza na wariya, ya wuce abin da alƙaluman za su iya ɗauka.

Daga nan raguwar ta riƙa ciyar da kanta. Jama'a sun ragu, haraji ya ragu, amma tsawon tituna da bututun ruwa da ganuwa bai ragu ba, sai kuɗin kula da su ya faɗa kan 'yan kaɗan, mafi yawansu talakawa. Asibitin garin ya rufe a shekarun 1980. Kantin kayan abinci na ƙarshe ya rufe a 2015. A 2016 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta ƙwace hukumar gidajen gwamnati ta gundumar Alexander saboda almubazzaranci da sakaci, kuma a 2017 ta sanar da rufe rukunin gidaje biyu, Elmwood da McBride, waɗanda aka gina a farkon shekarun 1940, ɗaya don farare ɗaya don baƙaƙe. Mutum kusan 400 ne ke ciki, kuma da yake babu isassun gidajen haya masu kyau a garin, da yawa sai da suka bar shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa asarar 2010 zuwa 2020 ta kai kusan kashi 39 cikin 100, mafi tsanani a tarihin garin. Gundumar Alexander baki ɗaya ta sauka daga 8,238 zuwa 5,240 a wannan tsakani, raguwar da ta fi ta kowace gunduma a Amurka, ko da yake a nan ma sai an yi hattara, domin ƙidayar Amurka tana lissafa fursuna a inda yake tsare, kuma an rufe gidan yarin Tamms da ke cikin gundumar a 2013.

Ko zai farfaɗo?

Idan farfaɗowa na nufin komawa dubu goma sha biyar, ban ga hanyarta ba, domin sana'ar da ta tara waɗannan mutane ta shuɗe. Babban abin da ake sa wa rai shi ne tashar jiragen ruwa ta zamani a gefen Misisipi, wadda gwamnatin Ilinoi ta ware wa dala miliyan 40 a 2020. Tunanin yana da ma'ana, tun da yana ƙoƙarin maido da ainihin abin da garin ya rasa, wato dalilin tsayawa. Amma tashar yau injuna ne ke loda kaya da sauke su, ma'aikatanta kaɗan ne idan aka kwatanta da 'yan dakon da, kuma ma'aikacin da ke da mota zai iya kwana a Kentaki ko Mizuri ya zo aiki da safe ta kan gadojin nan dai. A 2023 mazauna garin suka haɗa hannu suka buɗe kantin abinci na haɗin gwiwa bayan shekara bakwai babu ko ɗaya, abin da ke nuna cewa waɗanda suka rage ba zaman jiran mutuwa suke yi ba, ko da yake riƙe kanti a garin da bai kai mutum dubu biyu ba aiki ne ja. Yawon buɗe ido na tarihin yaƙin basasa da tsofaffin gine-gine zai kawo baƙi na yini guda, ba zai cika makaranta da yara ba.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata a fara da shi, da na ce gidaje, domin abin da ya faru a 2017 ya nuna akwai mutanen da ke son zama amma suka rasa inda za su kwana. Idan kana son bibiyar garin, Malam, ka bar hotunan kangaye, ka riƙa duba abu biyu: yawan yaran da ke rajista a makarantun Kairo kowace shekara, da yawan sababbin gidajen da aka gina aka shiga. Su ne za su nuna maka inda ƙidayar 2030 ta dosa tun kafin a yi ta.